Busar Sarewa a Kangayen Angkor

A arewa maso yammacin Kambodiya, dab da garin Siem Reap, daji ya rufe abin da ya rage na Angkor, babban birnin daular Khmer. Tun daga shekarar 802, lokacin da Sarki Jayavarman na Biyu ya kafa daular, har zuwa wajen 1431 da mayaƙan Ayutthaya suka ci birnin, sarakuna sun yi ta gina wuraren bauta na dutse, kowa yana son nasa ya zarce na wanda ya gada. Yau kangayen sun bazu a fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 400, kuma tun 1992 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Duk wanda ya bi jikin bangon waɗannan gine-gine da ido zai ga makaɗa birjik. A barandar kudu ta Angkor Wat, wanda Sarki Suryavarman na Biyu ya gina a farkon ƙarni na 12, an sassaƙa jerin gwanon sarki da dakarunsa, a cikinsu ga masu ganga, ga masu busa ƙaho. A Bayon, ginin Sarki Jayavarman na Bakwai na ƙarshen wannan ƙarnin, ga makaɗan fada a zaune, wata rungume da wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa da ake kira pin, mawaƙa a gefe baki buɗe. Allon dutsen da aka kafa a Ta Prohm a 1186 ya lissafa mutum 12,640 da ke hidimar wurin, 615 daga cikinsu masu rawa ne, kuma kowa ya san ba a rawa sai da kiɗa. Zhou Daguan, ɗan tawagar jakadancin ƙasar Sin da ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya ba da labarin fitar sarki da kaɗe-kaɗe.

Sai dai duk da wannan tarin shaida, babu mai iya cewa ga abin da suke kaɗawa. Masassaƙa sun fitar da hannun makaɗi a kan ganga da kumatun mai busa, amma ba a bar wa na baya rubutaccen kari ko guda ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji. A Angkor maganar ta tabbata ta fuskar da ba a nufa ba: abin gani ya cika ko'ina, abin ji kuwa ya tafi da masu shi.

Wannan shirun ne ya daɗe yana jan masu busa sarewa, na gida da na waje. In ka leƙa intanet za ka tarar da fayafayai masu ɗauke da hoton hasumiyoyin Angkor Wat, ciki da busa mai sanyi wadda aka yi domin barci ko hutun rai. Wasu a ɗakin ɗaukar sauti aka haɗa su, aka zuba musu amsa-kuwwar na'ura. Ba laifi, kowa da abin da ke kwantar masa da hankali. Amma mai son sanin gwanintar da ke da alaƙa ta jini da waɗannan kangaye, wajen mabusan Khmer zai nufa, masu riƙe da sarewar da suke kira khloy.

Ita khloy, in ka gan ta a ajiye ba za ka ba ta kobo ba. Gaɓar gora ce guda, tsawonta wajen santimita 40. An toshe bakinta na sama da guntun itace, aka bar wata siririyar hanya da iska za ta bi ta je ta daki kaifin wata 'yar taga da aka yanke a jikin gorar, nan sautin ke fita. Ramukan yatsu shida ne ko bakwai a gaba, wasu da ƙarin na babban yatsa a baya. A wasu kuma akan huda wani rami a manna masa fata mai laushi ta cikin gora ko takarda sirit, wadda ke rawa in iska ta wuce, ta ba muryar wani ɗan kaushi mai daɗi. Akwai ƙarama mai siririyar murya, khloy ek, akwai babba mai kauri, khloy thom. A tsaye ake riƙe ta, bakin a kan leɓe. Yaran ƙauye masu kiwon ɓauna a gonakin shinkafa suna busa ta su kaɗai, ana kuma sa ta a cikin rukunin kiɗan nishaɗi da ake kira mohori.

Kowa ya sa ta a baki ya hura, za ta yi ƙara tun ranar farko. Wannan sauƙin shi ne tarkonta. Sarewar ba ta da maɓalli ko ɗaya, ba ta da wani ƙarfe da zai gyara wa mai busa kuskure. Duk abin da kunne ya ji, daga huhu da leɓe da yatsu ya fito.

Gwaninta ta farko a numfashi take. Ƙwararren mabushi yana iya jan busa na tsawon mintoci ba tare da sautin ya yanke ba, alhali yana numfashi kamar kowa. Mai karatu da ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ya ga wannan dabara da idonsa: kumatu a kumbure, busa ba ta tsayawa, hanci na aikinsa. Ga yadda abin yake. Kafin iskar huhu ta ƙare, mai busa ya tara wata a cikin kumatunsa. Sai ya ɗaga bayan harshe ya datse hanyar da ke tsakanin baki da maƙogwaro, ya matse kumatun suna tura iskar da ya ajiye cikin sarewa, a daidai wannan ƙiftawar idon ya zuƙi sabuwa ta hanci. Kafin ajiyar kumatu ta ƙare, ya buɗe hanyar, huhu ya karɓi aiki. Masu koyo kan fara da tsinken zuƙar ruwa a cikin kofi, su yi ta hurawa, sharaɗin kuwa kada kumfa ta tsaya.

A Kambodiya, masu busa sralai ne suka fi shahara da wannan. Sralai abin busa ne na katako mai ƙarar gaske, bakinsa ganyen giginyar ƙasar ne aka yanka aka ninka huɗu, kuma shi ke jan murya a rukunin pinpeat, kiɗan fada da bukukuwan addini. An sassaƙa kakansa a bangon arewa maso gabas na Angkor Wat, ɓangaren da aka ƙarasa a ƙarni na 16 zamanin Sarki Ang Chan. Sai dai dabarar ta fi wuya a kan khloy. Ganyen bakin sralai yana tare iska, ajiyar kumatu takan ɗan jima. Khloy kuwa hanyarta a buɗe take, iska na zuba ba abin da ke riƙe ta, kuma da ƙarfin hurawa ya ragu ko kaɗan, sautin ya sunkuya. Da ya ƙaru fiye da kima, ya yi tsalle zuwa hawa na sama. Don haka wurin da kumatu ke miƙa wa huhu aiki yakan tona asirin ɗan koyo. A nan ake gane gwani: ka kasa kunne iya kasawa, ba za ka ji mahaɗin ba.

Gwaninta ta biyu a yatsu take da kunne. Kiɗan Khmer na gargajiya ba ya tafiya a kan tsarin da fiyano ya saba wa duniya da shi. Matakan sautinsa bakwai ne masu tazara kusan iri ɗaya, abin da kan sa baƙon kunne ya zaci an kauce, alhali daidai ake. Haka kuma ba a rarraba wa makaɗa sassa dabam-dabam a rubuce. Kari ɗaya ne kowa ke riƙe da shi a ka, mai 'yan sautuka jefi-jefi waɗanda su ne ginshiƙai. Wasu ƙananan kuge biyu na tagulla da ake kira chhing su ke tsare lokaci, bugu ɗaya a sake shi ya yi ƙara, na biye a danne shi ya mutu. Dole kowane makaɗi ya iso kan sautin ginshiƙi a lokacin da ya kamata. Tsakanin wannan ginshiƙi da wancan kuwa, kowa da hanyarsa. Mai roneat, wato jerin ɓallayen itace ko gora da ake bugawa da sanduna biyu, yakan cika tazarar da gudu. Mai tro, gogen ƙasar, yakan yi ta jan baka yana lanƙwasa.

Mai khloy shi ne ya fi kusa da muryar ɗan Adam, kuma aikinsa ke nan. A al'adar mohori mawaƙi kan rera baiti ya yi shiru, makaɗa su maimaita karin, sarewa ta bi sawun muryar da ta wuce. Ka dubi yatsun gwani a wannan lokaci. Ba ya ɗaga yatsa daga rami gaba ɗaya. Zare shi yake yi a hankali, ya buɗe kwata, ya buɗe rabi, sautin ya sulale daga mataki zuwa mataki ba tare da an ji tsani ba. Wani lokaci ya riƙe sauti guda ya bar shi yana kaɗawa da motsin maƙogwaro. Wani lokaci yatsa ya yi ta fiffika a kan rami kafin ya sauka. Can sai ka ga kamar ya makara, sauran sun yi nisa, amma da chhing ya danne sai ga shi a kan ginshiƙi tare da kowa. In aka zagayo karin karo na biyu, ba zai bi hanyar ɗazu ba. Maimaita ado iri ɗaya alama ce ta wanda bai nuna ba.

A nan ne, a ganina, busar nan da kangayen suka haɗa asali. A jikin Angkor Wat akwai siffofin mata da aka sassaƙa fiye da 1,700. Daga nesa duk ɗaya suke: tsayuwa ɗaya, tsawo kusan ɗaya. Matso kusa ka ga wannan kitsonta dabam, waccan ta riƙe fure, ta gaba ta kama gefen zane, wata ma haƙoranta a waje tana murmushi. Tsari ɗaya ne ake ta zagayowa kansa, ana sauya masa ado. Mabushin da ya ce daga waɗannan bangaye ya samo karinsa, in da gaske yake, wannan ne abin da zai ɗauko: ya kafa 'yan sautuka kaɗan, ya yi ta komawa kansu, kowace komawa da sabon kitso. Zuba amsa-kuwwa a kan dogon sauti ɗaya kowa ma na iyawa.

Gwaninta ta uku ita ce sanin halin wurin da ake busa. Maginan Khmer ba sa rufe ɗaki da lanƙwasasshen rufi mai faɗi. Jera duwatsu suke yi, kowane ya ɗan zarce na ƙarƙashinsa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan ya sa ɗakunansu ƙunci da tsawo, barandunsu kuma dogaye sirara. Tushen ginin marmara ce, fuskarsa dutsen yashi da aka jawo daga gindin tsaunin Kulen. Irin wannan ɗaki ba ya shanye sauti, mayar da shi yake yi. A Angkor Wat akwai wani ɗan ɗaki da masu yawon buɗe ido ke shiga su jingina da bango su daki ƙirji, ɗakin ya amsa da wani gurnani mai kauri. Dalili kuwa kowane ɗaki, gwargwadon faɗinsa da tsawonsa, yana da sautukan da yake ƙara wa ƙarfi da waɗanda yake dannewa.

Saboda haka wanda zai yi busa a cikin dutse sai ya sake lissafi. Adon nan mai sauri da ke burgewa a fili, a nan cakuɗewa yake yi, domin sautin baya bai mutu ba na gaba ya hau kansa. Dole ya rage gudu, ya lalubo sautin da ɗakin ke so ya mai da shi gida, ya riƙa barin tazara domin bango ya ƙarasa abin da ya fara. Mutumin da ya shekara yana koyon kada busarsa ta yanke, yanzu sai ya koyi inda zai yanke ta da gangan. A baranda mai bango gefe guda da ginshiƙai a ɗaya gefen kuwa, rabin sautin ficewa yake yi zuwa daji, nan ma wani lissafin ne dabam.

Amma ba kowa ke samun wannan dama ba. Wuraren nan har gobe ana ibada a cikinsu, kuma hukumar APSARA, wadda ke kula da Angkor tun 1995, tana hana hayaniya, ɗaukar sauti ko hoto na sana'a kuma sai da izini. Shi ya sa yawancin kiɗan da baƙo zai ji a waje yake, a kan hanyoyin shiga. A doguwar hanyar ƙasa da ke kaiwa Ta Prohm, inda saiwoyin manyan itatuwa suka naɗe bango, da hanyar Banteay Srei, ƙaramin gini mai jan dutse da aka keɓe a 967, akan tarar da maza biyar ko bakwai zaune a kan ɗan dandamali ƙarƙashin rumfa. Wannan na jan tro, wancan na buga khim, wani abin kiɗa mai tsirkiya, da 'yan sanduna, ga mai ganga, ga mai chhing, ga mai sarewa, wani lokaci har da mai busa ɗanyen ganye da ya liƙa a leɓe. A gefen dandamalin ƙafafun roba ne a jingine. Wasu babu hannu guda, wasu babu idanu. Nakiyoyin da aka binne a ƙasar zamanin yaƙe-yaƙe ne suka yi musu haka, kuma sun zaɓi kiɗa a kan bara. Gabansu akwai kwano da fayafayan sayarwa.

Yaƙin da ya raba su da ƙafafu ya kusa raba ƙasar da wannan busa gaba ɗaya. Dalili shi ne ilimin ba a takarda yake ba. Ɗalibi zama yake yi gaban malami, malami ya busa gaɓa ɗaya, ɗalibi ya maimaita har ta zauna, sannan a ƙara masa wata. Kafin a fara akan yi bikin girmama malamai, sampeah kru, da turare da kyandir da furanni, galibi ranar Alhamis, wadda suke ɗauka ranar malamai ce. A rukunin pinpeat akwai kari mai alfarma, Sathukar, wanda da shi ake buɗe taro. Duk wannan a ƙirjin mutane yake. Daga 17 ga Afrilu 1975 zuwa 7 ga Janairu 1979 gwamnatin Khmer Rouge ta mulki ƙasar, mutum kusan miliyan biyu suka hallaka ta hanyar kisa da yunwa da aikin tilas. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne tara cikin goma na mawaƙa da makaɗa da masu rawa ba su tsira ba. Kowane malami da ya mutu, ya tafi da kare-karen da shi kaɗai ya riƙe.

Labarin Arn Chorn-Pond ya nuna yadda zaren ya kusa tsinkewa. An haife shi a Battambang cikin gidan 'yan wasan kwaikwayo na waƙa. Yana yaro aka raba shi da iyayensa aka kai shi Wat Ek Phnom, wurin ibada da ke jingine da kangon wani gini na ƙarni na 11, wanda aka mayar sansanin tsare mutane. A can aka zaɓe shi cikin yaran da za a koya wa kiɗa domin waƙoƙin farfaganda. Ya koyi khim da sarewa da gaggawar wanda ya san ransa a kai yake, kuma kiɗan ne ya sa aka bar shi da rai. Da sojojin Biyetnam suka shigo ƙasar, Khmer Rouge suka ɗanka masa bindiga; daga baya ya tsere ta daji zuwa sansanin 'yan gudun hijira a Tailan, wani limamin kirista Ba'amurke, Peter Pond, ya ɗauke shi ɗa ya tafi da shi Amurka a 1980. Da ya girma ya koma gida neman malaman da suka rage, ya iske wasunsu cikin talauci, sun ajiye kayan kiɗa shekara da shekaru. A 1998 ya kafa shirin da zai biya su su koyar da yara, wanda ya zama ƙungiyar Cambodian Living Arts. Fim ɗin The Flute Player na 2003 ya bi shi cikin wannan nema.

Wasu kuma sun riƙe zaren daga waje. Sam-Ang Sam, gwanin khloy da sralai, yana karatu a ƙetare lokacin da Phnom Penh, babban birnin ƙasar, ta faɗa hannun Khmer Rouge. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Wesleyan ta Amurka a kan rukunin pinpeat, ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan 'yan gudun hijira, a 1994 aka ba shi kyautar MacArthur.

In ana son ganin darajar abin da waɗannan mutane suka ceto, a dubi pin, abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa da ke bangon Bayon. Shi zarensa ya tsinke tun ƙarnuka da suka wuce, ko da yake danginsa na nan da rai a Myanmar. A farkon shekarun 2010 wani masanin kiɗa Bafaranshe, Patrick Kersalé, ya yi nazarin sassaƙe-sassaƙen, shi da masu sana'a na ƙasar suka sake ƙera shi, kuma yau ana kaɗa shi. Aiki ne abin yabo. Amma dutse siffa kaɗai ya ba su. Yadda ake ɗaure tsirkiyoyin da karin da ake kaɗawa, sai da aka yi hasashe ko aka aro daga kiɗan da ya rage. Khloy ba ta shiga wannan hali ba. Ba wanda zai rantse cewa karin da ake busawa yau shi ne aka busa gaban Jayavarman na Bakwai, domin abin da ke tafiya daga baki zuwa baki yana sauyawa, ga kuma cuɗanya ta ƙarnuka da kiɗan maƙwabta. Sai dai sauyawar ta abu mai rai ce, kowane mabushi yana iya faɗin sunan wanda ya koya masa.

Don haka, mai karatu, in ka sami sarari ka nemi busar khloy ko kiɗan mohori na mutanen Kambodiya kansu, ka saurara da kunnen mai neman sani. Ka fara da neman inda mai busa ya ja numfashi. In ka rasa, gwani ne. Ka bi yadda yake sulalewa daga sauti zuwa sauti. Sannan ka jira a zagayo karin karo na biyu, ka ji ko ya sake masa ado. Wanda ya cika waɗannan uku da gaɓar gora mai ramuka bakwai ya cancanci a kira shi malami, ko a fada ka same shi ko a bakin hanya ƙarƙashin rumfa.